Goron da Na Kai wa Purkira

Asabar, 15 ga Maris, 2003

Rubuta, Adawiyya. Sa rana da wata a sama yadda aka koya muku a lakkol, makarantar bokonku, ni dai abin da na sani yau Asabar, kuma zafi ya sauka. Kada ki gyara mini magana. Yadda ta fito haka za ki sa ta.

Ni ce Tani ta gidan Ɗan Malam fatoma, mai saukar baƙi, nan Zango ta ƙasar Mosawa. Mai riƙe da bik ɗin nan tana rubutu matar autana Iro ce. Ba don wani ya karanta nake yi ba. Magana ce ta cika mini ciki, in ban zuba ta wani wuri ba zan yi ta tare mutane a layi, kamar jiya da na tsare mai turin ruwa har ya ce, "Yaaba, ki yi mini rai, ruwan barik ɗina zai tafasa." Yaaba kaka ke nan da Mosanci.

Iro ya fito daga gidan kaso dab da Layya. Shekara guda da 'yan watanni ya yi a ciki.

Gidan nan tun zamanin babansu, Allah ya jiƙansa, masaukin baƙi ne. Fatake daga Kano, direbobi daga Maraɗi da Ƙonni. Su sauka, su ci, su bar kaya a ɗakin ajiya, su wuce Bobo ko Kumasi, su dawo su tarar da abinsu yadda suka bari. A gidan fatoma ba a farke ɗinkin baƙo, ba a tambayarsa me ke ciki. In ka tambaya, ka kira shi ɓarawo ke nan.

To wani direba, Mani, mutumin Nijar, ya sauke diloli ɗinkakku ya ce zai dawo. Bai dawo ba, jandarmomi suka zo. Ashe atamfa ce aka fasa wani sito aka kwasa. Suka tambayi Iro, ba ka duba ba? Ya ce musu, da ƙarfinsa ma, "Mu ba ma buɗe kayan baƙo." Suka rubuta. Aka kai gaban purkira, wannan da ke shigar wa gwamnati ƙara, ya ce wanda bai tambaya ba ya sani ne, a rufe shi.

Aka rufe. Ba shari'a, ba komai. Da suka gaji suka miƙa masa takarda guda suka ce tafi gida. Ko sannu babu.

Rubuta sunan purkiran. Ba za ki rubuta ba? To bar shi, ai yana bakina.

Talata, 18 ga Maris

Na sake share ɗakunan baƙi. Ƙadangaru ne kawai ke sauka.

Juma'a, 28 ga Maris

Alhaji Muhammad Bashir ya iso daga Kano. Mutumin da tun Iro yana goye a gidan nan yake sauka, na san miyar da ba ya ci, na san tarinsa daga bayan katanga. Yau ya zo yi mana barka, ya tsaya a bakin zaure, takalmi a ƙafa. Na ce Alhaji shigo mana, ɗakinka na nan. Ya ce, "Hajiya, ai na riga na aje jaka a unguwar Kamsaoghin, yaran nan ne suka ja ni." Waɗanne yara? Gemunsa fari fat.

Da ya juya, Zainabu mai waina ta leƙo ta katanga, ita da ba a tambaye ta ba. Wai, "Inna Tani, ki yi haƙuri da mutane. Sakin sa aka yi, amma ai ba a ce bai ci ba."

Wannan ita ce maganar. Ba a ce ba. Kuma sai an ce. Wanda ya ce a rufe shi, shi zai buɗe baki ya ce Iro ɗan Ɗan Malam ba ɓarawo ba ne, mutane su ji.

Iro na zaure yana jin mu. Ya daina zuwa sahun gaba a masallaci, sai an tada salla yake shiga, ana sallama ya fice. Abinci kuma rungume kwano yake yi kamar wani zai fizge. Kada ki ce ba ki gani ba, ke kike aje masa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Maganar rusau ta dawo da ƙarfi. An ce bana ba fashi, Zango za ta tashi, za a yi manyan benaye. Wasu Nioko, wasu can bayan gari, wasu inda Allah ya nufa.

Kowa kukan gidansa yake. Ni abin da ya hana ni zama daban ne. In aka watse, kowa zai ɗauki tabarmarsa da abin da ya sani. Zainabu za ta kai tata Nioko, Alhaji zai kai tasa Kano, jikokinsu su tashi da ita: gidan Ɗan Malam, wanda aka kama ɗan da kayan sata. A ina zan tara su in warware? Yanzu ne suna wuri guda.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mun je wurin aboka, lauya ke nan, ni da ke. Metir Boukari. Bene ne, matakala kamar za a hau sama ta bakwai, gwiwata har yanzu tana zagina. Mutumin kirki dai a fuska, ya miƙe ya ba ni kujera, yana Mosanci da ni, yana Faransanci da ke.

Na ce masa ƙara na kawo. Ya ce ta wa? Na faɗi sunan. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya tashi ya tura ƙofa.

Ya karanta takardar da aka sallamo Iro da ita. Ni duk zatona a ciki an rubuta bai yi ba. Ashe a'a. Me ya kira ta? Non-liye. Wai ba a sami abin da ya isa a kai shi gaban alƙali ba. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba, an dai aje maganar. Na ce Metir, shekara guda ana aje magana a kan haƙarƙarin ɗana?

Sai ya ce purkira ba a kai ƙararsa yadda ake kai ta maƙwabci. Wai lokacin da ya yi magana ba shi ne ya yi ba, ƙasa ce ta yi da bakinsa. Kuma wai ba shi ya sa hannu a rufe ba, shi nema ya yi, alƙalin bincike ne ya sa hannu. Na ce to in na ce a yanka mini rago aka yanka, mahauci ne mai layya? Ya yi dariya. Ke ma kin yi, na gan ki.

Ya ce in ina so a kai ƙarar gwamnati, wannan akwai hanya, ko da yake doguwa ce, kuma ba tabbas. Na ce gwamnati wa? A wace unguwa take? In an kira ta za ta tsaya a ƙofar masallacinmu? Ya ce za ta aiko wani da takarda. Na ce takarda muna da ita.

A hanya kike ce mini, "Inna, se pa posibul, ki bar shi." Wai ba zai yiwu ba. Ki dinga yi mini Hausa in za ki hana ni abu.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yau tsohon zance nake ji.

A bayan kamiyo, babbar motar goro, aka kawo ni garin nan, ina amarya, zaune kan huhu, ƙafata ta kumbura. Ban san ko laafi ba, gaisuwar Mosawa, ban san komai ba. Abin da na fara gani a ɗakin ajiya wata dila ce a lungu, ƙura ta rufe ta. Na ce ta wa? Babansu ya ce ta wani Bakatsine ce da ya tafi Kumasi bai dawo ba. Na haifi biyu dilar nan tana nan. Damina ta ci mana katanga, muka kwana da yunwa, ba a taɓa ta ba. Sai ga wani saurayi wata rana ya ce shi ɗan mai dilar ne, uban ya rasu a hanya. Babansu ya ce duba ɗinkinka. Yaron ya duba, ya zauna a ƙasa yana kuka.

Wannan gidan ne fa.

Kuma babansu ya taɓa kai ƙara, kada a ce ban san ƙara ba. Wani mahauci ne ya tare mana magudanar ruwa. Kafin ya kai shi gaban Naaba, sarkin Mosawa, sai da ya sa riga, ya ƙulle goro, ya je har gidansa ya ce, wane, gobe zan kai ka, na zo in gaya maka da bakina kada ka ji a bakin wani. Aka yi shari'a, aka buɗe magudana, kuma mahaucin nan shi ya ɗauki makarar babansu ta gaba. Haka ake ƙara. Ba a soka wa mutum ta baya.

Talata, 6 ga Mayu

Mun koma wurin Metir. Na ce masa na kwana a kai, gwamnati ba ta yi mini komai ba, mutum nake nema.

Ya daɗe yana kaɗa bik. Ya ce akwai wata ƙofa, amma 'yar ƙarama ce, kuma shi tun da ya fara aiki bai ga wanda ya wuce ta ba. Sai an fara neman izini wurin manyan alƙalai, su ce e, kafin a taɓa shi. Kuma ba don ya yi kuskure ba. Kuskure ba ya shiga, ko da kuskuren ya cinye wa mutum shekara. Sai an nuna da gangan ya yi, ko ya karɓi wani abu, ko ya ƙi yin aikinsa ana roƙonsa. In manyan suka ce a'a, mu za a ci tara.

Na ce to su wa ke ba da izinin? Ya ce alƙalai. Na ce shi kuma fa? Ya ce duk makarantarsu ɗaya. Na ce madalla.

Ya ce an yi hakan ne don kada kowane wanda aka kama ya tashi ya kama mai kama shi, in ba haka ba babu wanda zai yarda ya tsare ko da mai kisa. Na ce na ji. Mai kisan a tsare shi. Nawa fa?

Na ce a buga ƙofar. Ya ce ba ni ce mai ƙara ba, Iro ne, sai ya sa hannu. Muka kawo takardar gida. Iro ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Inna, haka kike so?" Na ce haka nake so. Ya sa.

Metir ya ce zai tattara abin da zai tattara kafin ya shigar. Ya ce, "Yaaba, ke dai ki zauna. Kada ki yi komai." Sau biyu ya faɗa.

Laraba, 28 ga Mayu

Babbar kasuwa ta ƙone jiya. Hayaƙi har tsakar gidanmu. Allah ya mayar wa mutane. Yanzu wa zai saurari maganar Iro?

Lahadi, 15 ga Yuni

Metir ya ce a jira. Kullum a jira. Maƙwabtanmu, gidan su Abdulganiyu, sun fara ciro ƙyamare.

Zama ya gagare ni. In na zauna ƙafata ke kaɗawa, in na tashi ban san me na tashi yi ba. Na wanke tukwanen da suke a wanke. Na tsinci kaina a ɗakin ajiya ina tsaye, ba komai a ciki sai igiyoyi.

Akwai abin da ba a yi ba a maganar nan. Ba zan faɗa miki ba, za ki ce se pa posibul.

Alhamis, 26 ga Yuni

To, na yi. Zauna ki rubuta, ki daina zare mini ido.

Jiya da na ce miki zan je gaisuwar rasuwa unguwar Ouidi, ba can na je ba. Gidan purkira na je. Wata mai kai musu kayan miya ce ta kwatanta mini, ba zan faɗi sunanta ba. Na sa zanen Makka, na sayi goro fari manya, mai kyau, ba na yayyafi ba, aka naɗe mini a ganye. Mutum ana shirin kai shi gaban manyansa, a ce bai ji daga bakinmu ba? Ba a gidan Ɗan Malam ba.

Gardi, mai gadin ƙofa, ya ce ba ya nan. Na ce ina jira. Ya ce ba a jira a nan. Na ce ni tsohuwa ce, ko'ina ana jira da ni. Na zauna a kan dutsen bakin ƙofa, hadari na haɗuwa ta gabas. Har ya gaji ya ba ni ruwa.

Bayan la'asar sai ga mota. Ni fa a raina wani ƙato nake gani, mai jan ido. Sai ga ɗan siririn mutum, bai fi Iro ba, riƙe da jakar lakkol ta 'yarsa. Ya gan ni ya rusuna, ya gaishe ni da Mosanci yadda ake gaida kaka. Wannan ya fi ba ni haushi.

Na ce masa, ɗana, ni ce uwar Iro na Zango. Na zo in gaya maka da bakina za mu kai ƙararka, kada ka ji a wani wuri ka ce mun zagaye ka. Ga goro.

Ya ja da baya kamar na miƙo masa garwashi. Ya mayar da hannuwansa bayansa. Ya tura yarinyar cikin gida.

Ya ce, "Wane Iro?"

Na ce Iro fatoma, mai dilolin atamfa, wanda ka ce a rufe. Ya shiga nema a kansa, ina kallonsa yana nema. Wallahi Adawiyya ba ƙarya yake ba. Bai same shi ba. Ya ce, "Yaaba, sugri, ki gafarce ni, mutane da yawa ke wucewa ta hannuna." Ni shekara guda ina kwana da sunansa ina tashi da shi.

Sai murya ta canza. Wa ya aiko ki? Wa ya nuna miki gidana? Kin san abin da ake kiran wannan, a kawo wa ma'aikacin shari'a kyauta har gida a kan magana? Na ce ba kyauta ba ce, goro ne. Ya ce wa gardi ya rubuta sunana. Na ba shi duka, nawa da na Iro da na gidanmu da na Metir, me zan ɓoye? Ya ce in ɗauki abina in tafi.

Goron da aka miƙa ba ya komawa gida. Na ɗora shi a kan ginshiƙin ƙofa na taho. Ruwa ya kama ni a hanya.

Me kike kuka? Ai na fita haƙƙinsa.

Asabar, 28 ga Yuni

Ɗan sanda ya kawo takardar kira. Ba ni ba. Iro. Litinin da safe, komisariya, ofishinsu.

Laraba, 16 ga Yuli

Adawiyya ta dawo da bik. Tun ranar nan ba ta rubuta mini ko alif ba, gaisuwa ma daga bakin ƙofa, "Inna an tashi lafiya," ta wuce. Ban ce kin yi laifi ba. Rubuta.

Sun riƙe shi tun safe har rana ta karkata. Suna ta juya shi: kai ka aiki tsohuwa? Me ke cikin ganyen ban da goro? Me kake so purkira ya yi maka? Ya ce bai sani ba, suka ce kai kullum ba ka sani ba, wancan karon ma haka ka ce. Suka sa shi ya sa hannu cewa ba wani na gidanmu da zai ƙara taka layin. Da ya dawo bai shigo ta wurina ba. Na ji shi a bayan gida yana amai.

Metir kuma ya aiko mu je. Bai ba ni kujera ba wannan karon, ni na ja abata. Ya ce, "Yaaba, na ce kada ki yi komai." Na ce ban yi komai ba, gaisuwa na kai. Ya ce mu da za mu je mu ce mutum ya karkata a aikinsa, yanzu shi ke da gardi mai shaida cewa mun kai masa ƙunshi har gida mun bari. Ya ce in muka shigar da neman izinin nan, abin da za a fara ɗorawa a tebur ke nan. Kuma takardar Iro, tun da aje magana aka yi ba kashe ta ba, in suka ce sun ga sabon abu suna iya ɗagowa.

Na ce goro ne sabon abu? Ya ce shi bai ce za su yi ba. Ya ce suna iyawa.

Na ce a garin nan ba a san goro ba? Shi purkiran da aka je neman auren uwarsa me aka kai? Ya ce, "A ƙauyensu goro ne. A ƙofar gidansa wani abu ne daban."

Ya ce mu je mu yi shawara. In Iro ya ce a ci gaba, zai shigar, aikinsa ne. Amma a nemi wanda zai riƙe yara.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ya zo ɗakina bayan an sauko masallaci. Ya zauna a ƙasa, bakin gado, inda yake zama yana yaro in ya yi ɓarna.

Na zaci faɗa zai yi. Da ya yi da na ji daɗi.

Ya ce, "Inna, ke kika haife ni. In kin ce a ci gaba, a ci gaba, ba zan janye hannuna ba. Abu ɗaya nake roƙo. Wannan karon ki sa a kai mini bargo tun ranar farko, da ɗan man zafi. Wancan karon sai da aka daɗe."

Ya tashi ya fita.

Kada ki rubuta komai bayan wannan. Rufe.

Litinin, 21 ga Yuli

Na aike ki wurin Metir ki ce a bari. Ban hau benen ba, gwiwa.

Wai me ya ce? "Tsohuwa ta yi hankali." Shi ya sani.

Asabar, 6 ga Satumba

Layinmu ya zama kamar bakin tsoho. Nan gida, nan rami. Kowa na cire kwanonsa da tagoginsa yana ɗorawa a amalanken jaki. Zainabu ta tashi shekaranjiya, ta rungume ni tana kuka, ta ce in yafe mata in ta taɓa faɗin abin da ban so ba. Na ce na yafe. Ban ce mata ta janye ba, ita ma ba ta ce ta janye ba. Ta tafi da abarta.

Na roƙi Liman ko zai faɗi wata kalma ranar Juma'a kafin a gama watsewa. Ya ce a kawo takardar a fassara masa. Aka fassara. Ya ce, "Hajiya, abin da ke ciki shi zan iya faɗa, kuma in na faɗe shi yadda yake, gara ban faɗa ba." Ya yi mana addu'a.

Alhaji Muhammad Bashir ya wuce ta ƙofarmu a bayan mobilet, ɗan babur ɗin nan, ya ɗaga hannu.

Har yanzu in na ji mota ta tsaya a waje sai na leƙa. Ba wanda ya zo dai.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mun tashi. Nioko. Ɗaki biyu da rumfa, ba zaure. Iro ya ce ba zai gina ɗakin baƙi ba.

Ya sami tuƙin kamiyo, yana ɗauko tsakuwa daga Pissy yana kai wa masu gini. Yana dawowa fari fat kamar an tona shi, ya ci tuwo, ya yi barci har da minshari. Ke kika ce mini yana minshari, ni ban saurara ba.

Ƙofar ɗakin ajiya na sa aka ciro. Tana jingine a bayan rumfa, ban san me za a yi da ita ba.

Lahadi, 7 ga Disamba

Azumi ya wuce, Salla ta wuce, ba mu rubuta komai ba. Ba abin rubutawa ne.

Nan ba wanda ya san mu. 'Yan Zango sun faɗa can gefen, mu muna nan tsakiyar Mosawa. Maƙwabciyarmu Aminata, mai saida zoom-koom, ruwan garin gero, a bakin hanya, ta shigo jiya aron turmi. Surutu gare ta kamar rediyo. Ta zauna, ta tambayi garinmu, ta tambayi jikoki, ta ce Hausata ta fi Mosancina daɗi, na ce ke kuma turminki ya fi nawa nisa. Sai Iro ya shigo da ƙurarsa, ya gaishe ta ya wuce. Ta ce, "Yaaba, ɗan naki akwai ladabi. Me yake yi?"

Na buɗe baki. Kin san daga inda nake farawa, daga Mani da diloli, in bi ta jandarmomi, in sauka kan purkira. Duk tana nan a jere, ko mai gyaran fitila da ya zo ran nan a Zango sai da ya ji ta har ƙarshe.

Na ce mata direba ne, tsakuwa yake ɗauka daga Pissy.

Ta ce Allah ya tsare hanya, ta ɗauki turmi ta tafi. Iro yana bakin randa yana wanke fuska, ya tsaya da ruwa a hannu, bai juyo ba. Can ya ci gaba da wankinsa.

Ba wani abu ba ne, wake ne a wuta, kuma labarin dogo ne. Wata rana na gaya mata.

Kada ki rubuta na haƙura. Ban haƙura ba. Ki rubuta wake ne a wuta.